Wasan da Mutum Ɗaya Ke Kuka a Cikinsa

Akwai kalma guda da na ji daga bakin manya har sau uku a cikin mako ɗaya, a lokacin da nake ta kai-komo tsakanin gidana da makarantar da ɗan ƙanwata yake karatu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma har yau idan na ji an ambace ta a kan maganar yara sai gabana ya faɗi. Kalmar ita ce wasa. Wani malami ya ce mini wasan yara ne, mahaifin ɗaya daga cikin waɗanda suka sa yaron a gaba ya ce wasa ne kawai, hatta maƙwabcina, wanda na tabbata yana ƙaunar yaron tsakani da Allah, cewa ya yi in rabu da su, yau su ɓata gobe su shirya. Alhali kuwa yaron da ake wannan magana a kansa ya shafe kusan wata huɗu ba ya sa komai a bakinsa a lokacin shan iska, ya koma firgita a cikin barci, kuma duk safiyar Litinin sai ya tashi da ciwon cikin da babu maganin da ya yi masa aiki.

Ya zo hannuna ne yana ɗan shekara goma sha uku. Iyayensa suna cikin dubban mutanen da suka baro garuruwan bakin iyaka na wajen Mora, a jihar Arewa Mai Nisa, bayan hare-haren da suka tsananta tun daga shekarar 2014, kuma yawon neman matsuguni ya cinye masa shekaru biyu na karatu. Da ya ci jarrabawar shiga sakandare sai ƙanwata ta roƙe ni in riƙe shi, na sa shi a siziyem, wato ajin farko, a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati. Yaro ne siriri mai kunya, yana da 'yar i'ina wadda takan tsananta idan aka tashe shi karatu da Faransanci, sannan Fulatancinsa bai nuna ba, a garin da Fulatanci ne harshen kasuwa da na filin ƙwallo. Ba a yi mako biyu ba 'yan ajin suka gano daga inda ya fito, sai suka laƙaba masa sunan ƙungiyar nan da ta raba su da gidansu. Duk lokacin da ya shigo ya ajiye jakarsa a kan benci, sai wani daga baya ya kwaikwayi ƙarar fashewar bam, wasu su faɗa ƙarƙashin tebur kamar masu neman tsira, ajin da ya haura mutum tamanin ya kece da dariya. Daga nan abin ya gangaro kan sefa ɗari biyu da nake ba shi kullum don ya sayi fanke da wake, waɗanda wasu manyan yara uku suka mayar harajinsu, suna tare shi a bayan bandakuna su karɓe, ran da ya ce babu kuma su yaga masa aljihun riga.

Dole in faɗi nawa laifin tun da wuri, domin shi ne ya fi ci mini rai. A watan farko yaron ya zo ya durƙusa kusa da ni bayan sallar isha'i, ya ce, “Kawu, akwai yaran da suke tsokanata a makaranta.” Ban tambaye shi su wane ne ba, ban kuma tambaye shi me suke cewa ba. Na ce masa shi namiji ne, wanda ya taɓa shi ya rama, kada ya sake kawo mini ƙarar sa'o'insa. Ya ce, “To, Kawu,” ya tashi. Amsar da aka ba ni ina yaro ita na ba shi, ina ganin tarbiyya nake yi masa, ban san ƙofa ɗaya tak da ta rage masa na rufe ba. Bai sake ɗaga maganar ba, har sai da makinsa ya faɗo daga 13 bisa 20 zuwa 8, sannan wani mai mashin da ya san ni ya tsayar da ni a hanya ya ce ya sha ganin yarona zaune a gindin darbejiya, wajen hanyar gadar Binuwai, da kayan makaranta a jikinsa, a lokacin da ya kamata a ce yana aji. Daren nan na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sallami sauran yara, na ce masa, “Ɗana, na yi kuskure a kanka. Yanzu ka faɗa mini komai, ba zan katse ka ba.” Ya yi shiru har na fara fid da rai. Da ya buɗe baki, bai fara da maganar kuɗin ko ta dukan ba. Cewa ya yi, “Kawu, duka ajin ne suke dariya.”

Tun daga ranar nake juya wannan magana tasa a zuciyata, tare da kalmar wasa da manya suka yi ta jefo mini. Mu mutane ne masu al'adar wasa, kuma al'ada ce mai kyau wadda ba na son a taɓa ta. Bafulatani da Babarbare su haɗu a kasuwa kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, taubasai su yi ta yi wa juna tsiya a gidan biki, kaka ta kira jikanta mijinta ta kushe masa cefane, kowa ya tashi ransa fari. Amma wannan wasan yana da ƙa'idojin da kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba. Wanda aka jefa wa magana yana da ikon mayarwa, kuma sau da yawa tasa ce ta fi zafi. Dukansu biyu suna dariya. Wanda ya sha kaye yau gobe shi zai kayar. Kuma ba a kai hannu ga ainihin ciwon mutum, babu mai yi wa maraya wasa da mutuwar uwarsa. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce abin kunya ne mutum ya yi fushi da abokin wasansa, kuma ita ce mai cin zali yake ara ya yafa. Yakan ɗauki rigar wasa ya watsar da sauran ƙa'idojin, idan wanda ya cuta ya nuna ɓacin rai sai ya ce, “Kai ba ka san wasa ba ne?” Ta haka yaro yake shan cuta biyu, ta farko cin mutuncin, ta biyu kuma zargin cewa shi ne mai ƙaramar zuciya. Mu manya da muke maimaita kalmar ba tare da mun bincika ba, hannu muke sa wa a wannan hukunci.

Masana sun daɗe da shata wannan iyaka. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan'adam da ya yi aikinsa a Norway kuma ya fara nazarin matsalar tun shekarun 1970, ya bayyana cin zali tsakanin ɗalibai da alamomi uku: a yi abin da gangan don a cutar, a riƙa maimaita shi, kuma ya kasance akwai fin ƙarfin da ya hana wanda ake cuta kare kansa. Alama ta ukun ita ce ta raba shi da faɗan sa'o'i, inda yara biyu za su kaure a kan ƙwallo su shirya kafin la'asar, kuma ita ce ta nuna mini rashin amfanin shawarata ta ramuwa, domin da zai iya ramawa da ba a zaɓe shi ba tun farko. Fin ƙarfin kuma ba lallai ne ya zama na dantse ba. Gaskiya ne yawan maimaita aji yakan haɗa ɗan shekara goma sha ɗaya da ɗan sha shida a benci guda, amma haka nan ɗan gari ya fi baƙo ƙarfi, wanda bakinsa ya faɗa da Faransanci ya fi wanda ya fito daga ƙauye ko ya fara da makarantar allo, mutum goma kuma sun fi mutum ɗaya ko da babu wanda ya kai shi tsawo a cikinsu.

A rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019, kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, wato kashi 32 cikin ɗari, ya ce 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabata, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari. Rahoton ya nuna cewa kamannin jiki su ne babban abin da ake yi wa yara gori a kai, sai kuma asali da ƙasa da launin fata. Mu a Arewa muna da abubuwan gori da yawa masu jiran harshe: Musulmi da Kirista, mutumin dutse da mutumin gari, ɗan kudu da aiki ya kawo iyayensa, zabiya, mai naƙasa, da 'ya'yan 'yan gudun hijira irin na sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo. Kalmomin raini da ake jifan juna da su kuwa ba yara suka ƙirƙiro su ba, a kan tabarmar cin tuwonmu suka ji su.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne maganar 'yan kallo. Mun saba ɗaukar cin zali a matsayin matsalar mutum biyu, don haka maganinmu ba ya wuce a zane ɗaya a rarrashi ɗaya. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a ƙasar Finland ta nuna cewa aji gaba ɗaya ne ke cikin lamarin, domin akwai masu tayawa, akwai masu zugawa da dariya da tafi, akwai masu kawar da kai, akwai kuma 'yan ƙalilan masu kare wanda ake cuta. Girma a idon sa'o'insa shi ne abin da mai cin zali yake nema, dariyar aji ita ce ladan aikinsa, ran da aka daina biyansa kuwa sana'ar ta mutu. A kan wannan fahimta aka gina shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa, wanda aka baza a makarantun Finland daga 2009, kuma babban aikinsa shi ne sauya halin masu kallo. Wani nazari da aka yi a Kanada, inda aka ɗauki bidiyon 'yan firamare a filin makaranta, ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa goma. Yawancin yaran da suka yi wa ɗana dariya ba mugaye ba ne. Tsoro suke ji kada a juyo kansu, kuma kowannensu yana zaton shi kaɗai ne abin bai yi wa daɗi ba.

Kafin mu ɗora wa yara laifin duka, ya kamata mu dubi abin da suke gani a wurinmu. Doka mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilun 1998, wadda ta shata alƙiblar ilimi a Kamaru, ta faɗa a sashenta na 35 cewa an lamunce wa ɗalibi kariyar jikinsa da mutuncinsa, ta kuma haramta duka da kowane irin gallazawa, da nuna bambanci, da sayarwa ko shan giya da taba da ƙwaya a makaranta. Amma duk wanda ya leƙa makarantunmu ya san bulala ba ta yi ƙaura ba, kuma akwai abin da ya fi bulala zafi. Ina girmama malamai, na san nauyin da ke kan mutumin da aka ba shi yara tamanin a ɗaki mai rufin kwano a cikin zafin Afrilun Garwa. Sai dai malamin da yake karanto maki daga na ƙarshe yana dakatawa don a yi dariya, ko wanda yake kwaikwayon i'inar yaro a gaban allo, ya koya wa aji darasin da ya fi duk abin da ya rubuta shiga kai, wato cewa babba yana da izinin wulaƙanta na ƙasa da shi. Yarona ya gaya mini akwai ranar da aka yi masa ƙarar bam ɗin a gaban wani malami, malamin ya murmusa ya ce a yi shiru, ya ci gaba da rubutu, kuma wannan murmushin ya fi dariyar ajin yi masa ciwo.

Hankalin jama'ar Kamaru ya tashi a watan Janairun 2020 lokacin da wani ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa har lahira a unguwar Nkolbisson ta Yawunde, aka yi ta maganar binciken jakunkuna a bakin ƙofa da yaƙi da shan ƙwaya. Waɗannan matakai suna da amfani, tramol kuwa bala'i ne da muke gani da idonmu a Arewa. Amma binciken jaka ba ya kama mugun suna, kuma tura takan kai bango. Yaron da aka daɗe ana wulaƙantawa, sannan kawunsa ya ce masa ya rama, wata rana yana iya ɗauko abin ramawa daga ɗakin girki. Wannan tunanin ya hana ni barci darare da yawa.

Cin zalin da 'yan mata ke yi wa juna ya fi ɓoyuwa, kuma a wurinmu ya fi tsada. Ba kasafai suke kai hannu ba. Zunɗe ne, da habaici, da tashi daga benci idan wance ta zauna, da haɗa baki kada kowa ya yi mata magana, har yarinya ta wuni a tsakiyar mutane kamar babu ita. Wayar hannu kuma ta rushe katangar da ke tsakanin makaranta da gida, domin a da idan aka tashi yaro yakan sami hutun dare, yanzu kuwa zauren WhatsApp na aji yana bin sa har kan katifarsa. Na san wata yarinya a unguwarmu, tana turwaziyem, wato aji huɗu na sakandare, shekarar da za ta rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda aka ɗauki hotonta a bayan mashin ɗin ɗan baffanta, aka rubuta maganar banza a ƙasa, aka watsa. Kafin kwana uku hoton ya isa wayar mahaifinta. Bai je ya nemi wanda ya aikata ba, 'yarsa ya cire daga makaranta, kuma ba ta koma ba har yau. A yankin da da ƙyar ake shawo kan wasu iyaye su bar 'ya mace ta wuce firamare, ƙarya ɗaya ta isa ta rushe wahalar shekara goma. Ya kamata yaranmu su sani cewa doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disambar 2010 ta tanadi hukunci a kan keta sirrin mutum da yaɗa labarin ƙarya ta intanet, kuma wanda ya tura abu gaba bai fita daga alhaki ba don kawai ba shi ya ƙirƙira ba.

Ranar da aka tara mu a ofishin surbeyan, jami'in da ke kula da ɗa'ar ɗalibai, na sami mutum mai kirki wanda aiki ya yi wa yawa. Niyyarsa ita ce ya jera yaran huɗu, ya yi musu faɗa, ya sa su gaisa, kowa ya koma aji. Na roƙe shi don girman Allah kada ya yi haka, domin musabaha ta waɗanda suka yi faɗa ce, tana nuna laifin na kowa ne, kuma yaron da aka sa ya miƙa hannu ga wanda ke jiransa a bayan bandaki ya san manya sun zame ne sun bar shi. Mahaifin babban cikinsu, dattijo mai mutunci wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ya ce, “Haba Malam, wasan yara ne fa, mu ma duk mun yi.” Na ce, “Alhaji, na yarda mun yi. Amma ka tambayi ɗanka, a cikin wata huɗun nan, ko sau ɗaya ya taɓa ganin nawa ya yi dariya?” Ya juya ya dubi ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai. Sannan na gaya masa abin da sunan nan yake nufi ga yaron da ya taɓa kwana a daji yana jin ƙarar harbi. Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, “Wallahi ban san haka abin yake ba.” Na kuwa yarda da shi.

Ban nemi a kori kowa ba, ko da yake zuciyata ta so, domin kora tana ɗauke matsalar ne ta kai wa wata makarantar, ko ta kai wa titi. Na kuma gano cewa ɗaya daga cikin ukun yana zaune ne a hannun wani dangi da ba ya magana da shi sai da duka, kuma sau da yawa ba ya karyawa kafin ya fito. Wannan bai wanke shi ba, kuma ba daidai ba ne a ce duk mai cin zali abin tausayi ne, domin shi babban nasu ɗan gata ne mai farin jini, wanda ya gano cewa wulaƙanta wani yana ƙara masa mabiya. Yara biyun nan ba magani ɗaya suke buƙata ba, bulala kuwa ba ta san wannan bambanci ba. Abin da aka yi a ƙarshe bai ci kuɗi ba. An gana da kowannensu shi kaɗai, sun biya kuɗin da suka karɓa a gaban iyayensu, an raba musu wurin zama, an sa wani babba ya riƙa zagayawa wajen bandakuna a lokacin shan iska, malamar ajin kuma ta ɗauki awa guda tana tattaunawa da su a kan dariya da abin da take haifarwa, a ranar da yarona ba ya nan, da saninsa da yardarsa. Surbeyan ya yanka mana ranar dawowa bayan mako biyu, ya kuma cika, kuma a ganina wannan ne ya fi komai tasiri, domin mai cin zali yakan lafa ne ya ga ko manya za su manta.

Tun daga lokacin ba na fashin taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, kuma na lura muna iya kwashe awa uku a kan kuɗin benci ba tare da an ambaci abin da ke faruwa a kan bencin ba. Norway ba ta tashi tsaye ba sai da wasu yara maza uku suka kashe kansu a 1982 bayan tsangwamar da suka sha, sannan aka ƙaddamar da gangami na ƙasa a 1983, kuma ba na fatan mu jira irin wannan. Ba mu da kuɗin Finland, amma muna iya raba wa ɗalibai farar takarda sau ɗaya a zango, ba tare da suna ba, su rubuta wuraren da suke tsoro a makaranta da lokutan da abin ke faruwa. Muna iya tabbatar da cewa kowane ɗalibi ya san ofishin mai ba da shawara, wanda yara da yawa suke zaton aikinsa bai wuce zaɓen fannin karatu ba, ya kuma san zai yi magana ba tare da an tona shi ba, domin tsoron a kira shi munafuki shi ne babban makullin bakinsa. Ranar Alhamis ta farko ta watan Nuwamba, wadda ƙasashen UNESCO suka ware don yaƙi da tashin hankali da cin zali a makarantu, aka kuma fara raya ta a 2020, tana zuwa ne daidai lokacin da sababbin 'yan siziyem suka yi wata biyu, wato lokacin da aji ya gama zaɓen wanda zai sa a gaba. Ya fi dacewa a yi amfani da ita wajen sauraron yara aji-aji, maimakon a jera su a rana ana yi musu jawabi. Limamai da fastoci ma suna da rawar takawa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, yaranmu kuma suna haddace ta a Islamiyya ba tare da an taɓa ce musu maganar sunan da suka laƙaba wa ɗan ajinsu ake yi ba.

A gida kuma na sauya tambayata. Na daina cewa “Yaya makaranta?” domin amsarta kullum “Lafiya lau” ce. Yanzu nakan tambayi yarana da wa suka zauna, da wa suka ci abinci, wane ne a ajinsu ba shi da aboki, wa aka yi wa dariya yau, su kuma me suka yi. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin kowane uba yana tsoron a ci zalin ɗansa, amma kaɗan ne suke kawo wa ransu cewa nasu ne yake ci, ko yake tafi. 'Yata ta fari ta taɓa yin shiru da na yi mata ita, sannan ta ce, “Baba, ni ban yi komai ba.” Na ce mata ta ɗauko tabarma, wannan ɗin shi ne abin da za mu tattauna.

Yarona yanzu yana katriyem, wato aji uku na sakandare. Abin da ya fi taimaka masa, a faɗarsa, wani yaro ne ɗan ƙabilar Tupuri, Kirista, wanda washegarin tattaunawar malamar ya kwashi littattafansa daga bencin gaba ya dawo kusa da shi ya zauna, bai ce komai ba. Da aka sake yin ƙarar bam ɗin daga baya, sai wannan yaron ya juya ya ce da Fulatanci abin ya isa haka, kuma a wannan karon mutum uku ko huɗu ne kawai suka yi dariya, su ma suka haɗiye ta. Makinsa ya dawo, ciwon cikin Litinin ya tafi, yana buga ƙwallo da yamma a unguwa, har yakan dawo gida da kalmomin Fulatancin da ni ma ban sani ba. Amma malamar ajinsa ta bana ta tambaye ni kwanan baya ko akwai wani abu mai daraja da yake zuwa da shi makaranta, domin ta lura cewa tun daga safe har a tashi jakarsa tana kan cinyarsa, ba ya taɓa ajiye ta a kan benci.